Askin Asabar

Asabar da hantsi nakan rufe rumfata a Sabon Gari,
in naɗe reza da almakashi cikin tsohon zanen Lai'atu,
sabulu shida a jaka, Littafi a aljihun hagu,
in taka keke har ƙofar kaso.
Mai gadi ya san ni, amma sai ya ƙidaya:
"Filibus, tara suka shiga, tara za su fito."

A ciki inuwar bango taku biyu ce,
mutum arba'in ke rabon ta.
Nakan kifa bokiti ya zama kujera.
Kai na zuwa, kai na tafiya:
mai ƙwarƙwata, mai makero, mai tabon kulki,
da yaron da ya kwance akuyar maƙwabci,
wata goma sha ɗaya alƙali bai kira sunansa ba.

Fasto ya ce, "Ka yi shelar bishara."
Na ce to. Sai dai na lura
kunnen da ke kusa da aska ba ya musu,
kome ka faɗa, "haka ne" za ka ji.
Shi ya sa ba na wa'azi da ƙarfe a hannu.
Sai na wanke, na kaɗe, na naɗe,
sannan mai zama ya zauna.

Hankurau bai taɓa zama ba.
Dogo ne, mutumin Tibiri, carbinsa na ƙwallon magarya.
Ran farko ya ce, "Aske ni, ɗan mishan,
amma bar Littafinka inda yake."
Na ce, "Sunkuya." Ya sunkuya.
A ƙeyarsa na ga furfura uku
da jijiya tana harbawa kamar ƙirjin ɗan tsako.

Wata huɗu muna haka, aski ba zance.
Ran nan ina goge masa kumfa ya ce ƙasa-ƙasa,
"Bayan rijiya akwai tsohuwa, Cima, idonta ya yi rauni.
An ce mata ina Agadas neman kuɗi.
Kar ka yi mata ƙarya.
Kar kuma ka faɗa mata gaskiya."

Na tafi da tiya biyu na hatsi,
duk hanya ina roƙon Yesu ya ara mini baki.
Ban ma buɗe shi ba.
Ta kama hannuna, ta shinshina,
ta ce, "Hannun nan ya taɓa kan ɗana.
Na san inda yake tun daren da aka zo.
Ka ce masa tunkiya ta haifi biyu,
na ajiye masa ragon."

Na dawo ta gefen gulbi ina tura keken,
don ido ya ƙi ganin hanya.
Ni ma na ci gabzar gidan nan shekara biyu,
tawa uwar ta rasu tana zaton ina Kano.
Ubangijina ma ya kwana a hannun masu gadi,
ban ji an ce wani ya kai masa ko ruwan wanke fuska ba.

Ƙarshen wata majami'a kan ba ni takarda,
akwai gurbi: rayuka nawa?
Nakan rubuta: kai talatin da ɗaya, reza tara.
Rai kam ba ni ke riƙe da lissafinsa ba.

An sallami Hankurau bayan kaka.
Jiya ya shigo rumfata, ya zauna kan kujera ta gaske,
ya aje dala arba'in, ya hana ni mayar masa.
Da na gama, na wanke, na naɗe,
bai tashi ba.
Ya ce, "Littafin yana nan?"
Na ce, "Yana nan."
Ya ce, "To, bar shi inda yake.
Amma ka sa tsohuwa a addu'a,
tari ya hana ta barci."