Ƙyauren Ɗaki Na Biyar

Ɗaki tara ne gidanmu a Mabera,
famfo ɗaya, mita ɗaya, igiyar shanya biyu.
Ni ke riƙe da littafin ƙungiya:
wa ya biya kuɗin wuta, wa ya ce sai jibi,
wa ya ɓoye dutsen guga ƙarƙashin gado
yana rantsuwa da gawayi yake goge riga.

Ran Talata rediyon Haliru tela ta ce
an kai ƙudiri gaban majalisar jiha:
kada mai gida ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule,
kada ya ce "fita" sai da wa'adin wata shida a takarda,
la'adar dillali a yanke mata farce,
ƙungiya irin tamu ta sami rajista da hatimi.

Haliru ya tsayar da keke ana tsakiyar ɗinki.
Matar ɗaki na uku ta rangaɗa guɗa da ludayi a hannu.
Ni kuwa bara na tuna,
ranar da Modi dillali ya shigo da wani baƙo
suna auna ɗakina da ido, ina ciki,
ɗiyata na cin tuwo,
ba wanda ya yi mana sallama.

Ranar jin ra'ayin jama'a na ɗauki littafina,
na hau kabu-kabu cikin rana mai narka kwalta.
Masu manyan riguna suka yi ta Turanci,
wannan ya ce sashe, wancan ya ce ƙaramin sashe,
fanka na kwasar zafi daga kan wani ta kai kan wani.
Sai na waiwaya.
Can a bencin ƙarshe ga Baba Jabbi, mai gidanmu,
da sandarsa,
da takardar asibiti tana leƙe daga aljihu.

Da aka ba shi magana, hannunsa na rawa.
"Ni ba ni da bene," in ji shi.
"Shekara talatin ina jima, ina warin bagaruwa.
Fata ta zama bulo, haka gidanga ya tashi.
Mutum ukku sun gudu da hayata cikin dare,
guda har ƙyauren ya ɓalle ya tahi da shi.
Dokag ga taku, mi ta ce bisa ƙyaurena?"

Zauren ya kwashe da dariya.
Ni ban yi ba, na san ɗakin.
Na biyar ne. Har yau buhu ke rataye a ƙofar.

Aka kira sunana, bakina ya bushe.
Na ce a bar mana wata shidan nan,
yaro ba ya sauya makaranta kamar riga.
Na ce a rubuta, in kwata ta toshe, a wuyan wa take.
Sannan, ban san ta inda ta fito ba,
na ce a sa ƙyauren Baba cikin dokar.
Magatakarda ya ɗago kai ya dube ni,
ban ga alƙalaminsa ya motsa ba.

Keke ɗaya muka shiga da ni da tsohon.
Daidai Gawon Nama ya ce, ba tare da ya juyo ba,
"Hayarka ta cika ga watan gobe."
Na ce, "Kwanona na yoyo tun daminar bara."
Ya ce ya ji. Na ce na ji.
Muka yi gardama kan wa zai biya mai keke,
ya rinjaye ni da rantsuwa.

An ce ƙudirin na hannun kwamiti.
Kwamiti rijiya ce mai zurfi,
ka jefa guga, ka je ka yi wata sabga.

Bayan Isha na buɗe littafi a hasken waya,
ƙarƙashin kuɗin shara na ja sabon layi:
ƙyaure, ɗaki na biyar, ɗari biyar-biyar.
Na bi ƙofa-ƙofa.
Mutum huɗu suka bayar,
ɗaya ya tambaya ko doka ce ta ce.

Haliru ya ce sai jibi.