Littafin Tabawa

Tun kafin hadari ya fara haɗowa daga teku
Tabawa ta sayo littafi mai bangon kwali a Ketu,
ta rataya biro da zare a wuyanta,
ta bi Agiliti lungu-lungu tana tambayawa:

Wa ke da ciki, kuma wata nawa?
Wa ke da ciwon suga, allurarsa na son sanyi?
Wane tsoho ne ƙafa ta daina ɗauka?
Wa ke da kwalekwale, wa ke da janareto,
wa jininsa ke shiga jikin kowa?

Mu abokan aikinta a ɗakin magani muka yi dariya.
Na ce, "Sista, kwangilar ƙidaya aka ba ki?"
'Yan tumatir na Mil Sha Biyu suka ce sa ido ne.
Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya,"
ta taka benci, ta mai da ledojin ƙarin ruwa
can saman kanta, inda ko ɓera ba ya hawa.

Daren Laraba ya iso.
Bai yi sallama ba, ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo
kamar maƙwabci mai neman garwashi.
Ya kwashe takalma, ya ɗaga bokitai,
ya haɗa kwata da rijiya suka zama dangi.
Lantarki ya ɗauke, waya ta ce a sake gwadawa.
Motar asibiti ta maƙale a titin Ikorodu,
muna jin jiniyarta daga nesa
tana ta alkawarin zuwa.

Ruwa har gwiwa, tocila a baki,
Tabawa ta zaro littafin daga cikin leda.
"Shafi na huɗu: Morufu, kwalekwale biyu.
Na tara: Ladidi matar mahauci, watanta ya kama,
gida na uku bayan injin niƙa.
Baba Gwadabe a goyo shi, kwalbar allurarsa kuma
a tura ta cikin ƙanƙarar mai kifi.
Ku tafi, ba yanzu ake jin tsoro ba."
Muka watse kamar an buɗe wa kaji akurki,
sai dai kowa ya san ƙofar da zai je bugawa.

A saman benen makaranta Ladidi ta durƙusa.
Iya Risikatu ta riƙe kafaɗa, Nkiru ta riƙe fitila,
ni na tafasa almakashi a tukunyar mai shayi.
Da asuba jaririya ta tsala kuka
da yaren da duk muka iya, babu fassarawa.

Ruwa ya janye ya bar mana ɗansa:
amai da gudawa.
Suga ƙaramin cokali shida, gishiri rabi, ruwa lita guda,
muka dama, muka dama, har hannu ya daina ji.
Tamanin da uku muka kwantar a tabarmi,
tamanin da biyu suka tashi da ƙafafunsu.

Ɗayan ba ya cikin littafi.
Ɗan dako ne, sati biyu da saukowa daga motar albasa,
yana kwana a rumfa bayan an tashi kasuwa.
Da aka kawo shi idanu sun riga sun faɗa.
Ɗan Illela, iyakar abin da aka sani ke nan.
A aljihunsa akwai lambar waya,
ruwa ya cinye rabinta, ya bar mana rabi
muna juyawa.

Tabawa ba ta yi kuka a gabanmu ba.
Ta wanke hannu har sau uku, ta koma Ketu,
ta sayo wani littafin, ta rubuta a goshinsa:
Waɗanda ba su da ƙofar da za a buga.

Yanzu duk Juma'a, in an sauko, muna tasha.
Ita ke tambaya, ni ke riƙe da biro.
"Samari, ya sunanka? Ina kake kwana?
In ka kwanta ciwo, wa za a kira?"
Wasu su yi dariya, irin tawa ta bara.
Ina ɗaga kai in dubi gabas,
ga shi can yana haɗowa.