Ƙafafun Girmantas

Ni ne mai goge gumi a ɗakin ƙwallon kwando na Utena,
shekara ashirin da biyu, tsumma a bakin sanda.
Jama'a na kallon sama, inda raga ke lilo,
ni kuwa katako nake kallo,
don ƙafa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ran da aka kawo Girmantas daga ƙauyen bakin tafki
sai da ya sunkuya ya shigo ƙofa.
Mita biyu da ɗoriya mai yawa, shekara sha tara,
takalminsa kamar kwalekwalen kakansa masunci,
rigar da aka ba shi ba ta rufe ƙugu ba.

Gari ya ɗauka: mun yi katanga!
Mai gidan burodi ta ce kyauta zai riƙa ci.
Ni dai na ga gwiwa a miƙe, nauyi a dunduniya,
na ja tsummana, ban ce uffan ba.

Wasan farko, wani ɗan tsurut daga Alytus
ya ɗaga kafaɗa kamar zai jefa.
Yaro ya tashi sama dukansa, har da zuciya.
Kafin ya diro, ƙwallo ta sha kwando,
shi ko inuwar mutumin bai taɓa ba.

Daga nan kowa ya gane lagonsa.
A jawo shi waje, can inda tsawo ba ya ciniki,
a kewaye shi kamar turken fitila.
In ya bi, bayansa kango.
In ya ja baya, a jefo daga nesa.
In ya miƙa hannu, usur.
Ƙeta biyar, sai benci, tawul a ka,
ba a ko shiga zango na huɗu ba.

Wani a saman rumfa ya ce, dogo da hankali dace ne.
Mai burodi ta koma karɓar kuɗinta.

Hunturu ya rufe gari, rana sai leƙe.
Ƙarfe shida, dusar ƙanƙara a bakin taga,
Koci Vaidotas ya ɗaure masa hannu ta baya da igiyar tsalle,
ya ja layin alli daga gefe zuwa gefe.
“Hannun nan gado ka ci,” in ji shi, “ƙafa sai ka saya.
Duƙa. Ja gefe. Kada sawu ya haɗu.
Kafaɗa maƙaryaciya ce, ido ma haka.
Cibiyarsa za ka kalla,
ba ta zuwa inda mai ita bai je ba.”

Na goge alli, na goge gumi, na sake gogewa.
Yaron da ba a jin gaisuwarsa
ya soma tsawa daga ƙarƙashin raga: Hagu! Bayanka!
Amma a Fabrairu aka sake wanke shi tas,
ya zauna da ƙanƙara a gwiwa har na kashe fitilu,
na bar masa guda ɗaya, ban kore shi ba.

Maris, ga ɗan tsurut ya dawo.
Ya kutso, ya ɗaga kafaɗa.
Na riƙe sandata, numfashi ya tsaya.
Ya sake ɗagawa.
Girmantas ya miƙe hannu biyu, tafin ƙafa a manne,
bai yi tsalle ba.

Gajere ya duba sama bai ga raga ba, sai haƙarƙari,
ya mayar da ƙwallo baya, agogo ya yi kuka.
Babu wanda ya tafa.
Mai rubuta ƙididdiga bai ɗaga biro ba.

Mun sha kashi da maki shida daren nan.
Da kowa ya watse na zo da tsummana
wurin da ya tsaya:
ɗigon gumi a tare wuri guda, zagaye kamar faifai.
Na daɗe a kansa.
Har na kulle ƙofa ban goge shi ba.