Gajeren A

Tun da iskar damina ta yaye rufin aji ɗaya
muke zama gindin bedi, bayan makarantar Gidan Igwai,
ni da yara arba'in da bakwai
da allo guda mai tsaga a ƙugu.

Na ce: ku buɗe baki, amma kaɗan,
kamar mai shan fura ya hango ƙuda a ludayi.
A.
Kar ku ja shi, ba kiran akuya kuke ba.
Ku taɓa, ku saki,
yadda yatsa ke gaisawa da garwashi.

Haliru ya ja nasa har jijiyar wuya ta miƙe.
Na ce, Haliru, in ka ja shi haka
garin da aka haife ka zai koma garin tuwo,
kakarka ta tankaɗe shi a rariya,
da kasuwar, da rijiyar, da jakin Malam Jabbi.
Dariya ta kada su kan tabarma.

Sai na zana shi da guntun alli:
ga ciki, kamar albasa,
ga sanda ta jingina a damansa.
Kowa ya duƙa yana shuka albasa a rairayi,
wasu tasu ta ruɓe,
wasu sandar ta tsere hagu.

Inno dai ba ta ce uffan ba.
Mako uku ina kiran sunanta, gira kawai take ɗagawa,
tana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa.

Ran Alhamis, ana shirin tashi,
na ji an ja mini gefen mayafi.
"Malama, jiya mun tahi tasha da baffa.
Akwai wani allo babba bakin hanya,
yac ce sunan garinmu na.
Na diba sama, na diba ƙasa,
zobba ukku na gani, babu mai sanda.
To ai mu Sakkwato muka cewa.
Wa yaɗ ɗauke muna a?"

Shekara goma sha tara ina bi ta gaban allon nan,
a kan babur, a ƙafa, da ciki, da goyo,
ban taɓa jin an yi mini sata ba.

Na kakkaɓe hannu, na rubuta sunan garin
yadda yake fita a bakin kakanninmu,
na bar gurbi biyu, kamar giɓin haƙoranta.
Na miƙa mata allin.

Ta yi ɗage, harshe a waje.
Na farko ya fito da ƙaton ciki,
na biyu ya ɗan karkace, kamar zai zauna.
Ta ja da baya, ta dube su,
ta buɗe baki kaɗan.
Ta taɓa, ta saki.