Maki Biyu

Maki biyu suka kayar da ni.
Sau uku na bi sunayen da ke bangon ofis da yatsa,
har ɗan kabu-kabu ya gaji da jira.

Ni da na haddace babin baƙin ciki,
mataki bayan mataki,
ban gane shi ba da ya shigo ɗakina a Zango
ya zauna bisa takarduna wata huɗu.

Yanzu da asuba, kafin famfo ya ɗauke,
ina tarar ruwa, ina bita.
Inna Falmata ta ce, "Mai duba zukatan mutane,
wa ke duba taki?"

Na yi dariya. Ban amsa ba.

Duwatsun Birni suna nan inda suke.
Na sayo sabon bik.
Shafi na arba'in da ɗaya,
inda shayi ya zube bara.