Dunduniya

Ranar kasuwa ya sauka garinmu, can bayan Miga,
da jakar fata da 'yar lasifika mai shaƙewar murya.
Ya ce ƙarfi ba a dantse yake ba,
yana nan ƙasan cibiya,
kwance kamar garwashi cikin toka,
wanda ya iya hura shi, ko sa bai isa ya gusar da shi ba.

Ya tsaya gindin ɗorawa ya kira ƙarti biyar,
har da Jatau mahauci.
Suka jeru, kowa tafinsa a bayan ɗan'uwansa,
suka tura,
suka tura har jijiya ta miƙe a wuya.
Ko motsi. Dariya ma yake yi.
Kasuwa ta kaure da sowa.

Ni kuwa ina da karo bayan girbi da wani ɗan Harbo.
Na auna shinkafa tiya bakwai na sayar,
na karɓi ƙullin gari,
da yadda zan ja numfashi sau uku kafin kama.

Kawu Nomau na gefe yana ɗinkin koma,
gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya.
Ya ce, kai bakinsa ka kalla,
ni ƙafarsa na kalla.
Ta bayan nan ya kafe ta a saiwa,
ya karya gwiwa, ya sauke ƙugu,
ya tallabe hannun Jatau yana ɗagawa sama,
to ina turin zai bi?
Ba duka ne ƙarya ba, yaro, mutumin ya iya tsayuwa.
Sai dai ba ita yake sayarwa ba.

Na ce a raina, tsufa ne da baƙin ciki.

Ranar karo na dama garin na shanye,
cikina ya ɗau zafi, na ce ga garwashin ya tashi.
Ashe citta ce da barkono.
Makaɗi bai kai tsakiyar kirarina ba
ɗan Harbo ya sa mini ƙafa,
na ga sama, na ga shirwa biyu suna shawagi,
na ji yashi a ƙeyata.

Kawu bai ce uffan ba, kwana huɗu.
Na biyar da asuba ya tashe ni, muka gangara fadama.
Ya ce hau kwale-kwale, tsaya, kar ka riƙe komai.
Ya girgiza. Na faɗa.
Ya girgiza. Na sha ruwa.
Ya ce kana faɗa da jirgi, shi ya sa,
bar shi ya tafi, kai dai ka san inda nauyinka yake.
Buɗe ƙafa. Ba haka ba, kai ba raƙumi mai shan ruwa ba ne.
Saki kafaɗa.
Ji katakon da tafin ƙafarka, kamar makaho yana karanta hanya.

Rana ta ɗago, ina ɗiga, ina tari,
sai ga Inna Tabawa tafe kan kunyar shinkafa,
kunyar da faɗinta bai fi tafi ɗaya ba, ga santsi,
dami a ka, jika a baya,
tana ɓare gyaɗa, tana yi wa akuyarta faɗa.
Dami bai karkata ba.

Kawu ya nuna ta da haɓa.
Ya ce shekara hamsin tana wannan,
ba wanda ya taɓa yi mata kiɗa.

Har yau ban kayar da ɗan Harbo ba.
Bara dai mun yi canjaras, ya tashi yana duban ƙafafuna.
Ragowar garin nan kuwa,
Inna ta zuba a kunu,
ta ce yajin ba laifi, tsada ce ta yi masa yawa.