Karkatacciyar Ƙota

Ran Lahadi a Gujungu, bayan rumfar masu kanwa,
Inuwa ya kwance bakin tsohon buhu,
ya shimfiɗa bindigar kakansa a tabarma
a hankali, kamar mai kwantar da majinyaci.

Su uku suka zo daga Kurmi a mota ɗaya,
masu bin ƙauyuka suna tsintar abin da zamani ya yar:
takobi, tasar tagulla, linzamin da dokinsa ya daɗe da zama ƙasa.
Alhaji Nasidi ne ya fara tsugunawa.
Ya tofa yawu a babban yatsa, ya murza ƙarfen gefe,
sai ga tambarin sarauta ya leƙo daga cikin tsatsa,
da lamba huɗu, ta ƙarshen ta kusa shafewa.
"Wannan ta ƙetaro teku," in ji shi.
"Ta girmi uban duk wanda ke tsaye a nan."

Shekarau bai ce i ba.
Ya leƙa bakinta, ya ƙwanƙwasa da makullin mota, ya kasa kunne.
"Kai na Turawa, gangar jiki ta tasha.
Bututun nan sandar sitiyari ce,
in ka matsa mini, har motar zan faɗa maka."
Aka kwashe da dariya. Mai rake ya matso, yara suka yi zobe.

Tanimu kuwa ƙota ya kama.
Kirya ce, ta yi baƙi wul da gumin tafin hannu,
amma ta karkace kamar ƙafar kare a gudu.
"Wane masassaƙi ne ya yi wannan cikin maye?
Ku duba kunamar ma, wutsiyar cokali aka liƙa mata!
Kwaɗon rama da zogale kenan.
Yaro, wa ya koya maka cutar manya?"

Inuwa bai tanka ba.
Ruwan fadama ya ja baya tun makon jiya,
injin ban ruwa yake nema kafin albasa ta ƙone.

Daga rumfar lauje da fartanya
Cindo maƙeri ya taso, yana dogara sanda.
"Ku miƙo ta."
Bai duba tambari ba, bai ƙwanƙwasa komai ba.
Ya ɗora ta a kafaɗar dama, ya runtse idon dama,
sai bututu ya zo daidai idon hagu, cif,
kamar ɗan akuya ya sami nono.

"Daminar da bututun farko ya fashe a hannun Barau,
ya tafi da idonsa na dama da yatsa manuni.
Ubana ke riƙe da awartaki, ni ke zuga.
Barau ya ce kafaɗar hagu ta ƙi karatu,
sai aka lanƙwasa itace ya je ya sami idon da ya rage.
Cokalin na Kande ne, matarsa.
Da shi yatsan tsakiya ke kaiwa ga kunama.
Shekara goma sha tara ta ciyar da gida a haka.
Ku kira ta abin da kuka ga dama.
Ni dai na san awon mutum ce, kamar riga."

Suka dubi juna.
Nasidi ya gyara hula. "Labari ya yi daɗi, Baba,
amma ba a rataye labari a bango.
Masu saye tambari suke tambaya."
Ya zaro sukudireba daga aljihu.
Ƙusa uku, ta ukun ta yi gardama.
Ya naɗe ƙarfen a hankici, ya ƙirga kuɗi sau biyu.
Rabin inji. Ko rabin ma da kyar.

La'asar sakaliya, a hanyar gida, wajen kukar nan mai kogo,
Inuwa ya sauke buhu, ya dubi gabas da yamma.
Ya ɗora ƙotar a kafaɗa. Duniya ta karkace.
Bai taɓa ganin Barau ba, ko a hoto.
Ya runtse idon dama.
Turba ta miƙe masa sambal har bakin gari,
cokalin Kande da sanyi a yatsansa na tsakiya.